GINSHIƘAN MUSULUNCI DA MA'AIKACIN MASANA'ANTA

 Ina godiya ga editan wannan mujalla tamu da ya ba ni fili in ɗan faɗi albarkacin bakina a kan addininmu na Musulunci, wato tushensa, da abubuwan da ya ce a gaskata, da ayyukan da ya ce a aikata. Na zaɓi in dubi maganar ta fuskar unguwannin masana'antu uku na birnin Kano, Sharaɗa da Chalawa da Bompai, domin da yawa daga cikinmu da albashin da ake samowa a can ne ake biya mana kuɗin makaranta. Ni kaina mahaifina ma'aikaci ne a wata masana'anta a Sharaɗa. Waɗansunmu kuma in sun gama makaranta can za su nufa neman aiki. Ya kamata ke nan mu san abin da addini yake bukata daga mutumin da ke tsaye a bakin inji tun safe har yamma.

Bompai ita ce babbarsu a shekaru, tana arewa maso gabas da birni, kuma tun zamanin Turawan mulkin mallaka aka fara kafa masana'antu a cikinta. Sharaɗa da Chalawa suna wajen kudu, sun bunƙasa ne bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, musamman a cikin shekarun 1970. An yi saƙa, an matse man gyaɗa, an yi sabulu da alewa da kayan roba da na tasa, an kuma jeme fatu. Tun daga shekarun 1980 masana'antu da dama sun rufe saboda ƙarancin wutar lantarki, da tsadar kayan aiki, da kwararowar kayan ƙasashen waje masu araha. Duk da haka har yanzu mutane masu yawa suna sammako zuwa waɗannan wurare.

TUSHEN ADDINI

Tushe na farko shi ne Alƙur'ani mai girma, maganar Allah wadda Mala'ika Jibrilu ya sauko da ita ga Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. An fara saukar da shi a kogon Hira kusa da Makka a wajejen shekarar 610, aka ci gaba da saukarwa kaɗan-kaɗan har kimanin shekara 23, wato 13 a Makka, 10 a Madina bayan Hijirar da aka yi a 622. Surorinsa 114 ne, mu kuma a ƙasar Hausa mun saba ƙirga shi da izu sittin. Bayan wafatin Annabi a 632, Halifa Abubakar ya sa Zaidu ɗan Sabitu ya tattara shi wuri ɗaya. Daga baya Halifa Usmanu ya sa aka kwafe shi, aka aika manyan garuruwa don kada a sami saɓani. A makarantun allo na Kano da ruwayar Warshu ake karantawa tun kaka da kakanni, a makarantun Islamiyya kuwa ruwayar Hafsu ta fi yawa. Duka biyun karatu ne ingantacce. Wanda bai iya Larabci ba yana iya duba ma'anarsa a fassarar Hausa ta Shehu Abubakar Mahmud Gumi, wadda ta fito a 1979, ko ta Shehu Nasiru Kabara na nan Kano.

Tushe na biyu shi ne Sunna, wato abin da Annabi ya faɗa, da abin da ya aikata, da abin da aka yi a gabansa bai hana ba. Alƙur'ani ya ce a tsai da salla, amma Sunna ce ta nuna mana yawan raka'o'i da yadda ake ruku'u da sujada. Malamai sun sha wuya wajen tace hadisai, suna bin sunan kowane mai ruwaya don su san ko mai gaskiya ne, ko kuma yana da mantuwa. Mafi inganci a cikin littattafan hadisi su ne na Imamu Buhari, wanda ya rasu a 870, da na Imamu Muslim, wanda ya rasu a 875. Kafin su akwai Muwaɗɗa ta Imamu Maliku na Madina, wanda ya rasu a 795, kuma mazhabarsa ce aka fi bi a ƙasarmu. Bayan waɗannan tushe biyu malamai suna kafa hujja da ijma'i, wato abin da suka haɗu a kansa, da kuma ƙiyasi, wato auna sabuwar matsala da tsohuwa wadda aka san hukuncinta.

Wannan ilimi ya daɗe a Kano. Tarihi ya nuna Wangarawa sun zo daga Mali da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. A zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya sauka a birnin nan, ya rubuta wa sarki nasiha a kan yadda ake mulki da adalci. Har gobe a zaurukan malamai ana fara wa ɗalibi da Ƙawa'idi, sai Ahalari, sai Ishmawi, sai Iziyya, sai Risala, kafin a kai ga Askari da Muhtasar. Hukunce-hukuncen da zan kawo a nan gaba daga irin waɗannan littattafai muka koye su.

ABIN DA AKA CE A GASKATA

Akwai wani hadisi da Sayyidina Umar ya ruwaito, shi ne na biyu a cikin Arba'una Hadisi na Imamu Nawawi. A cikinsa Mala'ika Jibrilu ya zo a siffar mutum, ya yi wa Annabi tambayoyi a gaban sahabbai don ya koya musu addininsu. Daga amsoshin ne muka san matakai uku: Musulunci, da Imani, da Ihsani.

Imani yana da rukunai shida. Mutum ya gaskata da Allah shi kaɗai ba shi da abokin tarayya, da mala'ikunsa, da littattafansa, da manzanninsa, da ranar Lahira, da kuma ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. Kowannensu yana da aiki a cikin masana'anta. Wanda ya san Allah ne mai arzutawa ba zai kai kuɗinsa wurin boka don a ɗaukaka shi a kan abokin aikinsa ba. Wanda ya san akwai mala'iku masu rubuta ayyukansa ba zai saka kayan kamfani a aljihu don maigadi ya juya baya ba. Wanda ya gaskata da ranar hisabi, in shi ne mai riƙe da littafin albashi, ba zai rage wa lebura ko kwabo ba.

Imani da manzanni kuwa yana koya mana girmama sana'a. Annabi Nuhu ya sassaƙa jirgi. Annabi Dawuda Allah ya tausasa masa ƙarfe, ya koya masa ƙera sulke, kuma Buhari ya ruwaito cewa daga aikin hannunsa yake ci. Annabi Zakariyya kafinta ne, kamar yadda ya zo a littafin Muslim. Annabi Musa ya yi aikin ƙodago a Madyana bisa yarjejeniyar shekara takwas ko goma, kuma Suratul Ƙasas ta ambaci halaye biyu da suka sa aka ɗauke shi, wato ƙarfi da amana. Annabinmu ya yi kiwo, ya kuma yi fatauci da dukiyar Nana Hadiza. Har ma akwai sura guda, ta 57, wadda sunanta Ƙarfe. Saboda haka ɗalibin da ke jin kunyar a ce ubansa lebura ne ko makaniki, bai san tarihin annabawa ba.

Maganar ƙaddara ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta. Iyalai da yawa a Kano sun ɗanɗana ranar da aka kulle ƙofar masana'anta aka sallami ma'aikata. Imani da ƙaddara shi ke hana mutum fid da rai a irin wannan rana, ya tashi ya nemi wata hanyar abinci. Amma ƙaddara ba ta zama hujjar sakaci. Ma'aikacin da aka ba shi safar hannu da takalmin aiki ya ƙi sawa, yana cewa abin da zai same shi sai ya same shi, ya saɓa wa koyarwar Annabi, wanda ya umurci wani Balarabe ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Haka kuma maigidan da ya bar inji ba murfi har ya cinye yatsun yaro, ba zai fake da ƙaddara ya tsira ba.

AYYUKA BIYAR

Shikashikan Musulunci biyar ne. Na farko kalmar shahada, wato mutum ya shaida da harshensa da zuciyarsa kaɗaitakar Allah da manzancin Annabi Muhammadu. Ita ce ƙofar shiga, sauran huɗun a kanta aka gina su.

Na biyu salla, sau biyar a yini da dare, raka'a 17 ke nan: Asuba 2, Azahar 4, La'asar 4, Magariba 3, Lisha 4. A nan ne mai aikin kamɓa-kamɓa ya fi bukatar ilimi, domin inji ba ya tsayawa don an kira salla. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa kowace salla tana da zaɓaɓɓen lokaci mai ɗan faɗi. Na Azahar yana farawa daga gushewar rana daga tsakiya har inuwar abu ta ƙaru da kamar tsawonsa. Na La'asar yana kaiwa har rana ta yi fatsi-fatsi, na Lisha kuma har sulusin dare na farko. Magariba ce mai ƙurarren lokaci. To, da wannan sani ma'aikata suna iya raba kansu kashi biyu, waɗansu su tsare inji, waɗansu su yi salla, sa'an nan su canza, ba wanda ya fita daga lokaci, aiki kuma bai tsaya ba. Mahaifina ya ce haka suke yi a sashensu. Mai aikin dare da barci ya kwashe shi har rana ta fito, sai ya yi sallar Asuba da zarar ya farka, kada ya ce ta riga ta wuce.

Salla ba ta yiwuwa sai da tsarki. Dole ruwan alwala ya taɓa fatar jiki, saboda haka wanda fenti ko danƙo ko giris mai kauri ya manne wa hannu sai ya kankare shi tukuna. Wanda ya ji rauni aka ɗaure masa hannu, ya shafa a kan ɗaurin. In babu ruwa, ko kuwa taɓa shi zai ƙara cuta, aya ta 6 a Suratul Ma'ida ta ba da izinin taimama da ƙasa mai tsarki. Ran Juma'a kuwa, Suratul Jumu'a ta umurci masu imani su bar ciniki in an yi kira, ta kuma ce in an idar su watsu su nemi falalar Allah. Ashe ke nan Juma'a ba ta hana aiki sai na wannan ɗan lokaci.

Na uku zakka. Wanda ya mallaki nisabi, wato dinari 20, kimanin giram 85 na zinariya, ko kuɗin da ya kai haka, kuma shekara ta zagayo yana hannunsa, sai ya fitar da kashi ɗaya cikin 40. Mai masana'anta ba ya fitar da zakka a kan injuna da gine-gine, domin kayan aiki ne. Abin da zai ƙiyasta a ƙarshen shekara shi ne kuɗin da ke hannu, da hajar da aka tanada don sayarwa, da bashin da yake sa ran za a biya shi. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutane iri takwas da ake ba, a cikinsu akwai matalauta da waɗanda bashi ya yi wa katutu. Yawancin ƙananan ma'aikata albashinsu ba ya kai ƙarshen wata balle ya shekara, don haka zakkar dukiya ba ta hau kansu ba, sai dai zakkar fid-da-kai, mudun Nabi huɗu na abincin gari a kan kowane mutum na gida. Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003 don tattarawa da rabawa.

Na huɗu azumin watan Ramalana, wanda aka wajabta a shekara ta biyu bayan Hijira, bayaninsa yana cikin Suratul Baƙara daga aya ta 183. Da yake watannin Musulunci suna zagayawa, wata shekarar azumi yakan faɗo a tsakiyar bazara, ga zafin gari ga na tukunyar inji. Alƙur'ani ya yi rangwame ga marar lafiya da matafiyi. Game da mai aikin ƙarfi, malamai sun ce ya kwana da niyya, ya tashi da azuminsa. In wahala ta tsananta har yana tsoron cutuwa, ya sha, ya rama daga baya. Ba a yarda ya yanke wa kansa hukunci tun da dare cewa gobe ba zai iya ba. Maigida na kirki kuma yakan sassauta aiki a wannan wata, ko ya mai da mai nauyin zuwa safiya.

Na biyar aikin Hajji, sau ɗaya a rayuwa ga wanda ya sami iko. Kakanninmu da ƙafa suke tafiya ta Barno da Cadi da Sudan, wani ya shekara da shekaru a hanya yana aiki yana tara guzuri. A ƙarshen shekarun 1940 waɗansu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Mahmudu Ɗantata da Alhaji Haruna Ƙasim, suka kafa kamfanin jigilar alhazai, wanda daga sunansa ne aka sami Wapa ta Fagge. Yau tafiyar 'yan awoyi ce a jirgin sama. Amma sharaɗin iko yana nan. Ba a ce ma'aikaci ya bar iyalinsa da yunwa don a kira shi Alhaji ba, kuma kuɗin da aka tara da zaluntar ma'aikata ba guzurin kirki ba ne.

HAƘƘIN JUNA DA HAƘƘIN RUWA

Mataki na uku a hadisin Jibrilu shi ne Ihsani, wato mutum ya bauta wa Allah da sanin cewa ana ganinsa ko da shi ba ya gani. Daga nan ne kyakkyawar mu'amala take fitowa. Suratul Muɗaffifina ta yi kashedi mai tsanani ga masu tauye mudu da sikeli, kuma wannan ya haɗa da mai rage awon buhu ko yadin atamfa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Ibnu Majah ya ruwaito umurnin a biya ɗan ƙodago ladansa tun guminsa bai bushe ba. Buhari kuma ya kawo cewa Allah da kansa zai yi husuma ran Ƙiyama da wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya gama morarsa, ya hana shi haƙƙinsa. Shi ma ma'aikaci akwai nasa nauyin, domin Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Zuwa a makare, da barci a lokacin aiki, da sa wani ya sa maka hannu a rajista alhali kana gida, duk cin amana ne.

A waɗannan unguwanni ana aiki kafaɗa da kafaɗa da Kiristoci 'yan Sabon Gari da sauran ƙabilu, da Kwarori, da Indiyawa, da 'yan Sin. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta nuna cewa kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba abu ne da Allah yake so. Da halinka ne abokin aikinka zai auna addininka.

Akwai kuma haƙƙin da aka fi mantawa da shi. Kano ta yi suna da jima tun da daɗewa, har jar fatar akuyar ƙasar nan fatake suna ƙetare Sahara da ita, Turawa suna saye suna kiranta fatar Maroko. Majeman gargajiya da bagaruwa suke aiki. Na zamani, waɗanda suka fi yawa a Chalawa da Sharaɗa, suna amfani da magunguna masu ƙarfi, ciki har da sinadarin kuromiyam. Addini bai hana jima ba. Risala ma ta yi bayanin fatar mushe in an jeme ta, cewa ana iya amfani da ita, amma ba a salla a kanta, ba a kuma sayar da ita. Matsalar tana ga ruwan da ke fitowa bayan an gama. Na Sharaɗa yana bi ta rafin Salanta, ya haɗu da na Chalawa a kogin Chalawa. Na Bompai yana bi ta Getsi ya faɗa Jakara. A gefen waɗannan rafuka akwai masu noman rani da ke shayar da latas da kabeji da alayyafo, waɗanda muke saye a kasuwa, akwai masunta, akwai makiyaya.

Ɗaya daga cikin darussan farko da ake koya wa yaro a Ishmawi shi ne cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita da wani abu daga waje ba a alwala da shi. To, wanda ya mai da rafi baƙi ƙirin mai wari ya hana ƙauye guda ruwan sha da na tsarki gaba ɗaya. Annabi ya hana mutum ɗaya yin bawali a ruwan da ba ya gudu, ina ga wanda zai saki tankin guba a kogi? Hadisi na 32 a Arba'una ya hana cuta da cutarwa, aya ta 41 a Suratur Rum kuma ta danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da ruwa ga abin da hannayen mutane suka aikata. Saboda haka tace ruwan masana'anta kafin a sake shi wajibi ne na addini, ko da ma'aikacin gwamnati bai zo dubawa ba. Wanda ya gina masallaci a harabar kamfaninsa ya yi abin kirki, sai ya cika ladansa da gyara magudanar da ke bayan katanga.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai mu riƙe karatun addini tare da na boko, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A cikinmu ne za a sami injiniyoyi da manajoji da akantoci na gobe, kuma wanda bai san hukuncin awo da lada da ruwa ba tun yanzu, da wuya ya neme shi ranar da kuɗi suka zo. Abin da ya shige mana duhu mu tambayi malamai, matambayi ba ya ɓata. Iyayenmu kuma muna roƙonku ku riƙa ba mu labarin yadda kuke haɗa aiki da ibada, domin a bakinku darasin ya fi shiga. Allah ya sa albarka a guminku, ya farfaɗo da masana'antunmu da suka durƙushe, ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.